A sayar da faifan in an so, amma muryar ta kwana gida

Sanin kowa ne cewa a cikin tsofaffin gidaje na Damagaram da Maraɗi da Tawa da Yamai, musamman gidajen tsofaffin ma'aikata da ƴan kasuwa da tsofaffin sojoji, har yanzu akwai faya-fayen garmaho kwance cikin adaka ko ƙarƙashin gado, ƙura ta rufe su, gara ta ci kwalinsu, da yawa daga masu su kuwa sun riga mu gidan gaskiya. Magada ba su da na'urar juya su, ba su kuma san abin da ke ciki ba. Yara kan mai da su abin wasa suna gara su a tsakar gida, wasu a rufe tulu da su, saura kuma sai ranar gyaran ɗaki a haɗa su da tarkace a kai juji. A daidai wannan lokaci, a Turai da Amurka da Japon akwai mutanen da suka mai da farautar irin waɗannan faya-fayai sana'a ko abin sha'awa, kuma abin da suka fi kwaɗayi shi ne bugun farko na waƙoƙin gargajiya, wato faifan da ya fara fitowa daga masana'anta a shekarar da aka ɗauki waƙar.

Mu da muke aiki a gidajen rediyo, da tsofaffin waƙoƙi muke buɗe shiri muna rufewa, shi ya sa muke ganin muna da ta cewa a wannan magana. Ba mu ce a hana kowa sayar da kayansa ba, ba mu kuma ce mai tara faifai ɓarawo ne ba. Ra'ayinmu shi ne duk faifan da ke ɗauke da muryar mawaƙinmu, kada ya fita daga gida, balle daga ƙasa, sai an kwafi sautinsa, an rubuta abin da ke jikinsa, an ajiye a inda jama'a za su iya saurare. Robar ta tafi inda kuɗi ya kira ta, muryar ta tsaya.

Mene ne bugun farko?

Domin matasan da suka tashi da salula a hannu, bari mu ɗan yi bayani. Faifan garmaho iri uku ne. Akwai na dā mai juyi 78 a minti guda, wanda ake yi da wani irin ƙaro mai tauri, yana da nauyi, in ya faɗi sai ya fashe kamar tangaran, kuma kowane gefe bai wuce waƙar minti uku zuwa huɗu ba. A shekarar 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifan roba mai juyi 33, wanda gefe guda ke ɗaukar wajen minti 20, sannan a 1949 kamfanin RCA Victor ya fito da ƙarami mai juyi 45. Su ne iyayenmu ke kira 33 tur da 45 tur.

Yadda ake yin faifai kuwa, bayan an ɗauki waƙa a zaren ɗaukar magana da muke kira bandi, sai a sassaƙa sautin da allura a bisa wani faifai mai taushi, daga jikinsa a fitar da hatimin ƙarfe, hatimin nan shi ake danna ma roba mai zafi ta fito da layukan da allurar garmaho ke bi. To hatimi yana cinyewa da yawan bugu, kuma in kamfani ya tashi sake buga faifan bayan shekaru, sau da yawa da kwafin bandi yake aiki, domin na asalin ya ɓace ko ya lalace. Ke nan bugun farko shi ya fi kusa da abin da ya fito daga bakin mawaƙi, kamar yadda tsomin farko a marina ya fi kama zane. Masana wannan harka suna gane shi ta hanyar lambobi da haruffan da aka zana a ɗan filin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya, da launin ita takardar, da adireshin kamfanin da ke bayan kwali. Shi ya sa faifan da ya rasa kwalinsa ya rasa babban rabo na darajarsa.

Kasuwar da ta farfaɗo

An daɗe ana cewa faifan roba ya mutu, tun da kaset ya shigo, CD ya biyo baya, intanet ta zo ta shafe su duka. Sai ga shi a shekarar 2022 a Amurka an sayar da faifan roba wajen miliyan 41, CD kuwa miliyan 33, kuma rabon da roba ta wuce CD a yawan ciniki a can tun 1987. Tun shekarar 2000 akwai wani dandali a intanet mai suna Discogs, inda ake rubuta kowane bugu na kowane faifai da lambarsa, ana kuma saye da sayarwa, ta yadda mutum yana zaune a Tokiyo zai san abin da aka buga a Legas shekaru 50 da suka wuce da farashin da aka saye shi.

Farashin wasu faya-fayen na sa mutum riƙe baki. Alal misali, a 1963 mawaƙin Amurka Bob Dylan ya fitar da faifansa na biyu, sai daf da fitowa aka cire waƙoƙi 4 aka sauya su da wasu, amma ƴan kwafi ƙalilan suka kuɓuce daga masana'anta da waƙoƙin da aka cire. An taɓa sayar da guda daga cikinsu dalar Amurka 35,000, wato wajen miliyan 20 na kuɗin sefa. Haka kuma a 2013 wani mai tara faifai mai suna John Tefteller ya biya dala 37,100 a kan wani faifai mai juyi 78 na Tommy Johnson, mawaƙin gargajiyar baƙaƙen fatar kudancin Amurka, domin kwafi biyu kacal aka sani sun rage a duniya.

A nan ya kamata mu ja kunnen mai karatu, kada wani ya ruga ɗakin kakansa yana lissafin miliyoyi. Irin wannan farashi na faya-fayai ƙalilan ne ƙwarai. Mafi yawan tsofaffin faya-fayai kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, wanda ya karce ko ya lanƙwashe kuwa da wuya a samu mai taya shi. Ba ma kowane bugun farko ne ya fi daɗin ji ba, domin wanda allura ta shekara 30 tana noma a bisansa, sabon bugu mai tsabta ya fi shi. Abin da ya sa muka kawo waɗannan misalai shi ne darasin da ke bayan kuɗin.

Darasin da ke bayan kuɗin

Kamfanin da ya buga faifan Tommy Johnson, mai suna Paramount, ya daina ɗaukar waƙa a 1932, kuma akasarin ƙarafan asali da ya buga faya-fayensa da su sun salwanta. Saboda haka mafi yawan abin da duniya ke ji a yau na mawaƙan wannan kamfani, daga faya-fayen da masu tarawa suka bi gida gida suka tsinto aka kwafo shi. Akwai waƙoƙin da sunansu ke cikin takardun kamfanin amma har yau ba a samu ko kwafi guda ba, sun tafi ke nan. Wannan ya nuna cewa sau da yawa bugun farko shi ne bugun ƙarshe, kuma faifai guda da ke cikin adakar wani yana iya zama shi kaɗai ne shaidar da ta rage cewa an taɓa yin wata murya a duniya.

Akwai kuma labarin wani Ba'amurke mai suna Harry Smith, wanda ya tara dubban faya-fayai masu juyi 78 na waƙoƙin ƙauye da aka ɗauka a ƙarshen shekarun 1920 da farkon na 1930, lokacin da mutanen birni ke ganin su a matsayin kayan ƙauyanci. A 1952 ya zaɓi waƙoƙi 84 daga ciki, kamfanin Folkways ya buga su a manyan faya-fayai 6, tare da ɗan littafin da ke bayanin kowace waƙa da mai ita da shekararta. Daga wannan tari ne matasan mawaƙan Amurka na shekarun 1950 da 1960, har da shi Bob Dylan, suka koyi waƙoƙin kakanninsu. Bayan rasuwar mai kamfanin, Moses Asch, cibiyar Smithsonian ta ƙasar ta karɓi kamfanin a 1987 bisa sharaɗin cewa faya-fayensa sama da 2,000 za su ci gaba da samuwa ga duk mai so, ko da mutum guda ne ke nema a shekara.

Ga masu tara faifai iri biyu ke nan. Akwai wanda ke saye ya kulle a kabad, jin daɗinsa shi ne a ce shi kaɗai ke da shi, wannan bai bambanta da mai ɓoye hatsi lokacin yunwa ba. Akwai kuma wanda ke tarawa ya buɗe hannu, kamar Harry Smith. Na biyun muke maraba da shi, ko daga ina ya fito, shi muke kuma fatan mu samu daga cikin ƴan ƙasa.

Namu fa, ina suke?

Wani zai ce wannan duka labarin Amurka ne, mu ina ruwanmu? To ruwanmu ya fi nasu, domin abin da aka buga na waƙoƙinmu a faifai kaɗan ne, kuma a waje aka buga shi. A shekarar 1963 wani masanin kiɗa daga Faransa mai suna Tolia Nikiprowetzky ya zagaya ƙasar nan da na'urar ɗaukar magana, kuma daga aikinsa ne kamfanin Ocora na birnin Paris ya fitar da faya-fayai biyu, guda na makaɗa da maroƙan Nijar, guda na kiɗan Abzinawa da Fulani Bororo. A cikin shekarun 1960 ɗin nan ne kuma wani Ba'amurke, David Ames, ya ɗauki kaɗe-kaɗen Hausa a arewacin Najeriya, aka buga su a Jamus cikin faya-fayai biyu a ƙarƙashin jerin hukumar UNESCO. A ɓangaren kasuwa kuwa, kamfanoni irin su EMI sun buga manyan mawaƙan Hausa a Najeriya, cikinsu har da marigayi Alhaji Mamman Shata, kuma fatake da direbobi da alhazai sun shigo da irin waɗannan faya-fayai ta Jibiya da Magarya da Birnin Ƙonni.

Mu tambayi kanmu, ɗalibin lakwal nawa ne a Damagaram ya taɓa jin abin da aka ɗauka a ƙasarsa a 1963? Mai sha'awa a Paris ko Landan yana iya sayen faifan ya saurare shi a ɗakinsa, jikan wanda ya busa algaitar kuwa bai ma san an yi ba. Wannan shi ne abin takaicin.

Mafi yawan mawaƙanmu ma ba su taɓa hawa faifan roba ba. Muryoyin su Ɗan Gurmu da Ma'azu Ɗan Alalo da zabiyoyin fada da na biki, a bandin rediyo da kaset jama'a suka san su. Gidan rediyon ƙasa ya fara aiki tun 1958, kuma a shekarun da suka biyo baya can ne makaɗa ke zuwa a ɗauke su. Saboda haka a wurinmu maganar bugun farko ta haɗa da bandi na asali da kaset na farko da aka kwafa daga jikinsa, waɗanda suka fi roba saurin lalacewa, domin zare yana manne ma juna, yana tsinkewa, sauti yana dushewa da shekaru.

Labarin Mamman Sani Abdullahi ya isa misali. Mutanen ƙasar nan sun shekara da shekaru suna jin kiɗan organ ɗinsa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, inda yake juya waƙoƙin gargajiyarmu da na'urar zamani, da yawa ba su ma san sunan mai kiɗan ba. A 1978 ya ɗauki kiɗan nan a gidan rediyon ƙasa, aka fitar da shi a kaset, kwafi ƙalilan. Sai bayan shekaru sama da 30 wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ci karo da kaset ɗin a Yamai, ya nemi mai shi, suka daidaita, kamfaninsa Sahel Sounds ya buga shi a faifan roba a 2013, daga nan Mamman Sani ya fara zuwa Turai yana wasa. Abin farin ciki ne. Amma da a ce gara ko zafi sun riga baƙon nan isa wurin kaset ɗin fa?

Abin da masu ja ke cewa

Mun san akwai masu cewa Turawan nan kwashe mana dukiya suke yi, a hana su. Gaskiya ne akwai zalunci a cikin harkar, domin akan sayi faifai a hannun tsoho da kuɗin goro a sayar da shi a waje da ninki ɗari, kuma ko dala ba ta kai ga iyalin mawaƙin. Akwai ma faya-fayen masu bincike na dā da aka rubuta sunan ƙabila da sunan gari a kwalinsu aka bar sunan mai waƙar, sai ka ce ba uwa ta haife shi ba. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Faifan da baƙo ya saya ya wanke ya adana ya fi wanda ya narke a ɗakin kwano cikin watan Afrilu. In an kafa dokar hani alhali babu wurin ajiya a gida, an dai yanke ma faifan hukuncin mutuwa a gida ke nan.

Akwai masu cewa kayana ne, na gada, ina da bukata, wa zai hana ni? Babu mai hana ka, kuma ba mu raina bukatar magidanci ba. Sai dai a tuna cewa robar ce taka, waƙar da ke ciki kuwa akwai haƙƙin mai ita da na iyalinsa, akwai kuma rabon al'ummar da aka yi waƙar a cikinta. Kwafar sauti ba ta rage ma faifai komai, ba ta rage farashinsa. Aikin awa guda ne, daga nan ka sayar da abinka.

Akwai kuma matasan da ke cewa ai duka waƙoƙin nan suna cikin salula, masu tura waƙa a kasuwa suna da su, ana yawo da su a WhatsApp da YouTube. Mu da muke sa su a iska mun san halin da suke ciki. Kwafin kwafin kwafi ne, an matse sautin har ba a rarrabe kalangu da kotso, an yanke farkon waƙa ko ƙarshenta, wani mai shago ya ɗora tallarsa a tsakiya, an laƙaba ma waƙar wani sunan wani. Kullum masu saurare na bugo waya suna tambaya, wa ya yi wannan waƙa, a wace shekara, wane sarki aka yi ma ita? Salula ba ta da amsa. Amsar tana jikin takardar faifai da kwalinsa, da kuma bakin tsofaffin da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Daga ƙarshe akwai masu ganin cewa ƙasar da ke fama da matsalar tsaro da abinci ba ta da lokacin tsohon kiɗa. Mun ji, kuma ba mu ce a ɗebi kuɗin asibiti a sayi garmaho ba. Amma a ƙasar da aka fi adana tarihi da baki, waƙa ita ce kundin. A cikin waƙoƙin fada ake jin jerin sarakuna da yaƙe-yaƙensu, a cikin waƙoƙin noma da na fari ake jin yadda kakanni suka sha wuya suka tsira, a cikin kirarin ƴan kokowa da na maharba da na maƙera ake tsintar kalmomin Hausa da ba a ƙara jin su a titi. Kuma abu ne mai saurin ɓacewa. Dubi biram, kayan kiɗan Buduma na bakin tafkin Cadi, wanda ya kusa shuɗewa da a ce marigayi Malam Maman Barka bai je ya koya a wurin tsohon gwaninsa Bukar Tar ba. Shi ma Malam Barka ya rasu a 2018, abin da ya ɗauka ne ya rage mana.

Abin da Gine ta samu

Don kada a ce mafarki muke, ga misali daga yankinmu. A zamanin Seku Ture ƙasar Gine tana da kamfanin faifai na gwamnati mai suna Syliphone, wanda ya buga ƙungiyoyi irin su Bembeya Jazz da manyan mawaƙan gargajiya irin su Sory Kandia Kouyaté. Bayan rasuwar Seku Ture a 1984 kamfanin ya tsaya, faya-fayensa suka watse cikin duniya. Wani mai bincike ɗan Ostireliya, Graeme Counsel, ya shekara da shekaru yana bin su ɗaya ɗaya har ya haɗa jerin, ya kwafe su ya miƙa ma ɗakin karatu na ƙasa a Konakiri. Daga 2008 zuwa 2013 kuma, da tallafin babban ɗakin karatu na Ingila, ya zauna da ma'aikatan gidan rediyon Gine suka kwafe tsofaffin bandodinsu, aka tsirar da waƙoƙi 9,410, waɗanda daga baya aka sa su a intanet kowa ya saurara kyauta. Mutum guda ne da ƴan na'urori da haƙuri, tare da hukumar da ta yarda ta buɗe ƙofa. In Gine ta iya, mene ne zai hana Nijar?

Abin da ya kamata a yi

Ga mai faifai a gida, rigakafi ya fi magani. A tsai da faya-fayai a tsaye kamar littattafai, kada a jibge su bisa juna, a nisanta su da rana da ɗakin da ke ɗaukar zafi, domin roba tana lanƙwashewa kuma in ta lanƙwashe da wuya ta miƙe. A riƙe faifai ta gefe, kada a dafa layukansa da yatsa. In ƙurar hunturu ta hau shi a share da ƙyalle mai taushi ana bin layi, kada a kusance shi da kananzir ko fetur ko toka, mai juyi 78 kuwa ko alkol na asibiti yana cinye shi. Kada a gwada shi da tsohuwar allura don jin ko yana yi, domin allurar da ta dakushe tana iya kashe faifai a juyi guda. Kwali ko ya yage a ajiye shi. In kuma mai saye ya zo, kada a yi gaggawa, a ɗauki hoton gaba da baya da takardar tsakiya da salula, a nemi wanda zai duba lambar a intanet, a kwafi sautin kafin a karɓi kuɗi.

Ga gidajen rediyo, na gwamnati da masu zaman kansu da na karkara, mu ne muka fi kowa kusa da jama'a, kuma aikin bai fi ƙarfinmu ba. Garmaho guda mai kyau da sabuwar allura, da rediyo mai kaset, da kwamfuta, sun isa a fara. A ware shiri guda a mako, a yi kira ga mai tsohon faifai ko kaset ya kawo, a kwafa a gabansa, a ba shi takardar shaida, a mai da mashi abinsa a ranar tare da kwafi a katin salularsa. Sannan a sa waƙar a iska a buɗe layi, tsofaffi su bugo su faɗi mai waƙar da ƴan amshinsa da wanda aka yi ma ita, a rubuta. Abin da mai bincike zai shekara yana nema, masu saurare za su ba da shi cikin rabin awa. Sharaɗi guda ne, a riƙe amana, domin ranar da faifan mutum guda ya ɓace a hannun rediyo, ranar kowa zai kulle adakarsa.

Ga hukumomi, wuraren ajiya akwai su. Akwai gidan rediyo da talabijin na ƙasa, akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, akwai cibiyar bincike ta IRSH da ke ƙarƙashin jami'ar Abdu Mumuni, akwai CELHTO da aka kafa domin tarihin baka, akwai gidan tarihi na Bubu Hama. Muna kira ga ma'aikatar da ke kula da al'adu ta haɗa su su fitar da kundi guda na abin da kowa ke riƙe da shi, a kwafe, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, har da manyan biranen jihohi, domin ɗan Tawa bai kamata sai ya hau mota zuwa Yamai kafin ya ji Ɗan Gurmu ba. A kuma rubuta ma cibiyoyin waje da ke riƙe da abin da aka ɗauka a ƙasar nan a nemi kwafi mai inganci tare da bayanansa. A daidai lokacin da ake ta maganar ƴancin kai da mutuncin ƙasa, dawo da muryoyin kakanni na cikin abin da ya fi sauƙi da araha. Ita kuma hukumar kare haƙƙin mawaƙa ta BNDA ta tsaya ma iyalan mamata, duk wanda zai sake buga waƙar ɗan ƙasar nan ya sayar, a yi yarjejeniya a rubuce, rabonsu ya kai hannunsu.

Ga masu hannu da shuni, musamman alhazan Maraɗi da na Damagaram waɗanda iyayensu da kakanninsu mawaƙan nan suka wasa, da tsohuwar zuma ake magani. Kuɗin da ake liƙi da shi a biki guda ya isa ya sayi na'urorin da za su tsirar da waƙoƙin gari guda. Wanda ya yi haka ya zama mai tara faifai irin wanda muke nema, kuma sunansa zai daɗe fiye da na wanda aka yi ma kirari dare guda.

Ga baƙi masu zuwa saye kuwa, ƙofa a buɗe take, amma da sharuɗɗa uku: a biya farashin gaskiya, a bar kwafin sauti da hoton kwali a ƙasar, a nemi mawaƙin ko magadansa kafin a sake bugawa. Wanda ya cika su abokin aiki ne, wanda ya ƙi kuwa jama'a su san irin cinikin da ya kawo shi.

Lokaci ba ya jiran kowa a wannan aiki. Kowace bazara tana lanƙwasa wasu faya-fayai, kowace damina tana jiƙa wasu kaset, kowace shekara kuma muna binne tsofaffin da za su iya cewa wannan muryar wane ce. Saboda haka mai karatu, in akwai adaka a gidanku da ba a buɗe ba tun rasuwar mai ita, a buɗe ta a wannan mako, a duba abin da ke ciki, a kai gidan rediyo mafi kusa a tambaya ko suna kwafa. In sun ce ba su fara ba, a tambaye su sai yaushe. Kunne ya ji, jiki ya tsira.